Gidan Ɗan Hausa: Tsarin Gininsa da Hannuwan da Suka Riƙe Shi

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutun Hausa ya ji sunan Hanns Vischer, Baturen nan da Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Galibi mukan haddace sunansa tare da shekaru biyu, wato 1909 da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano, da kuma 1912 da ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Daga nan sai mu wuce zuwa ga su Bargery da East da Abubakar Imam. Abin da ba mu cika tsayawa a kansa ba shi ne gidan da mutumin ya zauna, wanda har yau yana nan tsaye, ana kuma kiran sa da sunansa.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana abubuwa biyu game da wannan gida: yadda aka gina shi, da kuma waɗanda suka riƙe shi tun daga farko zuwa yau. Na haɗa su wuri guda ne domin a ginin ƙasa abubuwan nan biyu ba sa rabuwa. Gidan siminti yana iya yin shekara 20 a kulle, a dawo a tarar da bangonsa. Gidan ƙasa kuwa damina kaɗan ta ishe shi idan babu mai duba shi. Saboda haka duk gidan ƙasar da aka gani ya haura shekara 100 yana tsaye, to akwai wanda ya yi ta ɗaukar nauyin yaɓensa shekara da shekaru. Wanda ya tambayi masu gidan, ya tambayi dalilin da ya sa bai rushe ba ke nan.

Wurin da Gidan Yake

Gidan Ɗan Hausa yana unguwar Nassarawa, a wajen ganuwar birnin Kano, ba nisa da Gidan Gwamnatin jiha. A yau wurin ya zama tsakiyar gari, ga tituna ga ofisoshi. Amma a ƙarni na 19 Nassarawa gandun sarki ce, wato gonaki ne na masarauta inda bayin sarki suke zaune suna noma. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, yana da gida a can inda yakan fita ya huta, kuma har yanzu masarauta tana da gidanta a Nassarawa.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da yaƙi, a lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Abbas, wanda ya yi sarauta har zuwa 1919. Sababbin masu mulkin ba su tare a cikin birni ba. Sun zaɓi zama a bayan ganuwa ta wajen gabas, a Nassarawa da Bompai, inda akwai fili da iska, kuma suna iya sa ido a kan birni ba tare da sun cuɗanya da jama'arsa ba. Ta haka gandun sarki ya fara rikiɗewa ya zama unguwar Turawa.

Labarin da ake bayarwa a Kano shi ne tun kafin zuwan Turawa akwai gini a wurin, na wani daga cikin mutanen sarki mai lura da gandu, kuma Sarki Abbas ne ya ba Vischer wurin lokacin da ya zo kafa makaranta. Vischer ya sa magina suka gyara shi, suka faɗaɗa shi, har ya ɗauki siffar da aka san shi da ita.

Wane ne Ɗan Hausa?

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, ya kuma yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Zuwansa na farko ƙasar nan a 1901 ne, a cikin 'yan mishan na cocin Ingila masu neman shiga ƙasar Hausa. Bai daɗe a wannan aiki ba. A 1903 ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnatin mulkin mallaka, aka tura shi Borno. A 1906 ya ratsa hamadar Sahara da ayarin raƙuma daga Tarabulus, ya bi ta Murzuk da Bilma har zuwa Tafkin Cadi, ya kuma rubuta labarin tafiyar a wani littafi da ya fito a 1910.

Da gwamnati ta ga tana bukatar ma'aikata 'yan ƙasa masu iya karatu da rubutun boko, sai ta ɗora masa nauyin kafa makaranta. Ya je Masar da Sudan ya ga yadda ake tafiyar da makarantun gwamnati a ƙasashen Musulmi, sannan ya dawo ya buɗe tasa a Nassarawa a 1909. Akwai ajin malamai, da ajin 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa, malaman addinin Musulunci kuma suna ba da nasu darasin. Manufarsa ita ce kada yaro ya fito daga makaranta ya zama baƙo a gidan ubansa, shi ya sa ɗalibai suka ci gaba da sa tufafinsu na gida, suna zaune a gine-gine irin na gida.

Wannan manufa tana da fuska biyu, kuma ya kamata mu faɗe su duka. Ita ce ta ba Hausa gurbi a aji tun da wuri, abin da harsuna da yawa ba su samu ba. Ita ce kuma ta dace da bukatar 'yan mulkin mallaka, waɗanda suke son malaman ofis masu rubuta haraji da shari'a ba tare da sun sami ilmin da zai sa su ɗaga kai ba. Na kawo wannan ne domin gidan da Vischer ya zauna ya yi kama da makarantarsa: kayan aikin da hannun maginan na Hausawa ne, shirin kuwa na Bature.

Gidajen da Turawa Suka Saba Zama

Kafin mu shiga cikin gidan, yana da kyau mu san irin gidan da ma'aikacin Ingila ya saba samu a ƙasashen da suka mallaka. Sunansa bangalo. Asalin kalmar daga Indiya take, ma'anarta "irin na Bengal", domin a can Turawa suka ga gidajen manoma marasa bene, masu faffaɗan rufi da ke saukowa ya yi inuwa a kewaye. Suka ɗauki fasalin suka gyara shi daidai da bukatarsu, suka yaɗa shi duk inda tutarsu ta je. Inuwar nan ta gefen gida ita ce ta ba mu kalmar baranda.

Mu da muke karatu a kudancin ƙasar nan mun saba ganin irin waɗannan gidaje a tsofaffin unguwannin Turawa, kamar Ikoyi a Legas, ko Jericho a Ibadan. Ana ɗaga su daga ƙasa saboda danshi da gara, a yi musu manyan tagogi ta kowane gefe domin iska ta ratsa, a rufa su da kwano. Wasu ma a Ingila aka ƙera su gunduwa-gunduwa, aka ɗauko su a jirgin ruwa aka harhaɗa a nan, kamar tsohon gidan Razdan na Kalaba wanda aka kafa a 1884.

A Kano ta 1909 wannan ba mai sauƙi ba ne. Jirgin ƙasa bai iso garin ba sai a 1911. Kafin nan duk buhun siminti ko fallen kwano sai ya hau kogi, sannan ya yi tafiyar makonni a kan 'yan dako ko bayan dabbobi. A gefe guda kuma ga Kano cike da gwanayen magina ƙarƙashin Sarkin Magina, mutanen da suka gaji gina fada da masallatai da sorayen attajirai. Ga ƙasa a kusa, ga azara a kasuwa. Don haka Turawa da dama a Arewa sun zauna a gidajen ƙasa a wancan lokaci, mafi yawansu a bisa tilas, suna jiran ranar da za a yi musu na siminti. Bambancin Vischer shi ne ginin ƙasar ya dace da ra'ayinsa, ya kuma bar magina suka nuna iyakar gwanintarsu.

Yadda Aka Gina Shi

Ginin Hausa da ƙasa yake farawa. Ana haƙo jar ƙasa mai danƙo, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa wadda magina suke kira ramno, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan ake cura tubali da hannu. Tubalin gargajiya ba mai kusurwa huɗu ba ne irin bulo. Mulmulalle ne mai faɗin gindi da tsinin kai, kuma rana ce take busar da shi. Magini yana zaune a kan bango, yaransa suna jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana jera su tsaye, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A manyan gine-gine kaurin bango a gindi yakan kai mita 1, yana raguwa yayin da ake yin sama.

Wannan kauri shi ne sirrin sanyin gidan. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yakan kusanci digiri 40, bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barin sa ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da bangon ya tara da rana shi yake hana ɗaki yin sanyi ƙarara da asuba. Bangalo yana neman sanyi ta hanyar barin iska ta wuce, wanda ya dace da ƙasa mai danshi irin Legas. Soron Hausa kuwa yana tare zafi ne tun daga waje, wanda ya dace da busasshiyar ƙasa mai ƙura.

Sai rufi, inda nan ne ake gane gwani. Abin da ake rufi da shi azara ce, wato gangar giginya da aka tsattsaga. Tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cika cin ta ba. Matsalarta ɗaya ce: idan aka ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya ratsa fiye da kimanin taku 6, wato kusa da mita 2, ba tare da ta lanƙwasa ba. Ɗaki mai faɗin mita 2 kuwa ba ya isar mai gida ya karɓi baƙi. Maginan Hausa sun warware wannan da baka, wadda ake kira bakan gizo saboda siffarta. Ana dasa damin azara a cikin bango ta gefe biyu, a ɗan karkato su ciki, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ya bushe. Sai a ɗora wani damin a kan na farko, a ƙara karkato shi. Haka za a yi ta yi hawa-hawa har hannuwan biyu su haɗu a tsakiya. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da sandunan da ake gittawa a bakin gugar rijiya. Bakunan suna raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda gajeriyar azara za ta iya rufewa. A kan azarar ake shimfiɗa zana ko asabari, sannan a bi da ƙasa. Daga waje sai a ga rufin ya ɗan yi tulluwa.

Wannan fasaha ita ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta ƙoli a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma ita ce mai ziyara yake gani idan ya ɗaga kai a manyan ɗakunan Gidan Ɗan Hausa. Bakunan ba a ɓoye suke ba. Su ne ƙashin ginin, su ne kuma adonsa, domin a kansu da tsakaninsu ake yin zane da launi.

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa, kuma yawancin abin da muke ɗauka ado ne a jikin soro yana da aikin da yake yi wajen kare shi. Rawanin da ke kewaye da rufi yana tattara ruwan sama ya tura shi zuwa indararo, shi kuma indararo ya watsa shi nesa da gindin bango. Zankayen da ke tsaye a kusurwoyi suna ƙara nauyi a inda ruwa ya fi ci, kuma magina sukan rataya igiya a jikinsu idan sun hau gyara. Sannan ga shafe iri biyu. Makuba ana samun ta daga ɓawon ɗorawa, ana kwaɓa ta da ƙasa a shafe bango. Laso kuwa ya fi ƙarfi, shi ake yi wa rufi da wuraren da ruwa ya fi duka. Ana haɗa shi da katsi, wato abin da yake kwantawa a gindin rijiyar marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. A nan za mu ga yadda sana'o'in birni suke riƙe da juna, domin magini ba ya gama aikinsa sai da marini da majemi.

Inda Ya Saɓa da Gidan Bahaushe

Idan kayan aiki da fasaha na Hausawa ne, to me ya sa ba za mu ce gidan Bahaushe ne kawai ba? Amsar tana cikin shirin ɗakunan. Gidan Bahaushe na gargajiya ba gini guda ba ne. Katanga ce ta kewaye fili, a cikinta akwai gine-gine daban-daban. Daga titi za a shiga zaure, inda mai gida yake ganawa da baƙi. Daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida inda ɗakunan mata suke kewaye da tsakar gida, ga turakar mai gida a gefe. An tsara shi ne domin baƙo namiji ya tsaya a inda aka iyakance masa. Yawancin rayuwa, kamar girki da daka da hira, a tsakar gida ake yin ta, ɗaki kuwa na kwana ne da ajiya. Shi ya sa tagogin ƙanana ne, suna can sama.

Gidan Ɗan Hausa ya juya wannan tsari. Ɗakunansa a haɗe suke cikin gini guda, mutum yana fita daga wannan ya shiga wancan ba tare da ya taka tsakar gida ba. Kowane ɗaki da aikinsa irin na Turawa: wurin zama da baƙi, wurin cin abinci a tebur, wurin kwana. Tagoginsa sun fi na gidajen birni girma, domin mai gidan yana karatu da rubutu a ciki da rana. Filin kuma yana kewaye da ginin ta waje, da bishiyoyi, maimakon ginin ya kewaye filin. Wato dai tunanin bangalo ne aka zuba shi a cikin tubali da azara. Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi a nan, kuma ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a Arewa wanda ya fito a 1917.

Hannuwan da Suka Riƙe Gidan

Hannu na farko shi ne na masarauta. A tsarin da Turawa suka tarar, ƙasar gandu tana ƙarƙashin sarki ne a matsayinsa na sarki. Wanda aka zaunar a kanta yana cin moriyarta muddin yana riƙe da aikin da aka ba shi, idan ya sauka ta koma inda ta fito.

Hannu na biyu shi ne na gwamnatin mulkin mallaka, kuma a nan ne mutane da yawa suke zaton Vischer ya mallaki gidan. A 1910 gwamnati ta yi dokar ƙasa wadda ta sanya dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, a bisa cewa yana riƙe da su ne domin amfanin 'yan ƙasa. A ƙarƙashin wannan doka baƙo ba ya sayen fili ya zama nasa har abada, iyakarsa a ba shi izinin zama na wani lokaci. Vischer kuwa ma'aikacin gwamnati ne, Daraktan Ilmi na Arewa, yana zaune a gidan saboda aikinsa. Bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ya bar Nijeriya ya shiga aikin soja, bai kuma sake dawowa zama a gidan ba. Duk zamansa a ciki bai kai shekara 10 ba. Sauran rayuwarsa a Turai ya yi ta. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara a kan ilmi a Afirka, a 1926 kuma yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan. Ya rasu a Ingila a 1945. Gidan bai shiga cikin gadonsa ba. Ya ci gaba da zama masaukin jami'an gwamnati Turawa, wannan ya tashi wancan ya shiga, har zuwa ƙarshen mulkin mallaka.

Hannu na uku shi ne na gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta gaji kadarorin Turawa da aka sami 'yancin kai a 1960, ta kuma yi tata dokar ƙasa a 1962 a kan tubalin ta 1910. Hannu na huɗu shi ne na Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Mayu 1967. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ƙara tabbatar da cewa filayen jiha suna hannun gwamnanta a matsayin amana. Daga baya jihar ta danƙa gidan ga Hukumar Tarihi da Al'adu, wadda ta mayar da shi gidan tarihi, inda ake ajiye kayayyakin gargajiya da tsofaffin hotuna, ana kuma yin wasannin al'ada a harabarsa.

Idan muka lura za mu ga cewa a duk wannan jerin babu inda gidan ya zama dukiyar mutum ɗaya. Daga hukuma yake fita ya shiga hannun wata hukuma.

Abin da Ya Tsirar da Shi

A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa gidan ya kai yau. Mu dubi abin da yakan sami gidan ƙasa na attajiri a cikin birni. Mai shi yana raye yana kiran magina duk shekara kafin damina, su toshe tsaga, su gyara indararo, su sake shafe. Ran da ya rasu sai gidan ya shiga rabon gado. Magada goma ba sa haɗuwa a kan kuɗin yaɓe, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Ko dai a yanka gidan kashi-kashi, ko a sayar a raba kuɗin, wanda ya saya kuma ya rushe ya yi na bulo da kwano, domin a idon jama'a ginin ƙasa ya zama alamar rashi. Gidan Ɗan Hausa bai taɓa shiga rabon gado ba. A zamanin Turawa yana cikin jerin gidajen gwamnati da ake gyarawa da kuɗin hukuma, daga baya kuma sunan da yake ɗauke da shi ya sa aka ga ya cancanci a adana shi. Haka abin yake ga Gidan Makama, wanda shi ma ya tsira ya zama gidan tarihi na ƙasa.

Sai dai zama a hannun hukuma ba tabbas ba ne. Hukuma ce ta rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, kuma kowa ya ga yadda gine-gine suka cinye sassa da yawa na ganuwar Kano. Tsofaffin gidajen Turawa a Nassarawa da Bompai da yawansu an sayar, an yayyanka filayensu. Akwai kuma haɗarin da yake zuwa da kyakkyawar niyya, wato a shafe bangon ƙasa da siminti domin a huta da yaɓen shekara-shekara. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, yana kuma tsare danshi a ciki. Bangon sai ya riƙa ruɓewa a ɓoye, fuskarsa tana nan sumul, har ran da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, marina kuma sun ragu, ga shi da katsinsu ake yin laso. Ko da kuɗi a hannu, gyaran irin wannan gida yana bukatar mutanen da suka san aikin.

Darasi Daga Sunan Gidan

A matsayinmu na ɗaliban harshe, sunan gidan kansa abin nazari ne. Harafin -n da ke manne da kalmar gida mukan kira shi na mallaka a darasin nahawu, amma aikinsa ya fi mallaka faɗi. A "gidan Audu" yana nuna mai shi. A "gidan ƙasa" yana nuna abin da aka gina shi da shi. A "gidan waya" yana nuna aikin da ake yi a ciki. A "gidan yari" kuwa yana nuna mai riƙe da wurin saboda muƙaminsa, domin Yari bai taɓa mallakar kurkuku ba. "Gidan Ɗan Hausa" yana cikin wannan rukuni na ƙarshe. Wanda ya fassara shi zuwa wani harshe da ma'anar dukiyar Vischer ya kuskure tarihin.

Akwai kuma abin lura a nan. Gidan ya riƙe sunan mutumin da ya zauna a cikinsa ƙasa da shekara 10, amma ba ya ɗauke da sunan ko ɗaya daga cikin maginan da suka cura tubalinsa suka ɗaure bakunansa. Abin da ya rage mana daga gare su shi ne kalmomin sana'arsu, irin su ramno da azara da rawani da zanko da laso. Waɗannan kalmomi suna raye ne muddin ana yin aikin, idan aikin ya mutu sai dai a neme su a ƙamus.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi bayanin wurin da Gidan Ɗan Hausa yake, da mutumin da aka sa wa gidan sunansa, da yadda maginan Kano suka zuba shirin gidan Bature a cikin fasaharsu ta gado. Na kuma bi sawun hannuwan da suka riƙe shi, daga masarauta zuwa Turawa, zuwa Jihar Arewa, zuwa Jihar Kano, inda na nuna cewa rashin shigarsa rabon gado shi ne ya fi komai tsirar da shi.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce duk wanda hanya ta kai shi Kano ya ware rabin yini ya ziyarci gidan, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda kuma yake neman batun kundin kammala digiri, to ga kalmomin magina nan suna jiran mai tattarawa. Ya nemi tsohon magini a Kano ko Zariya ko Katsina, ya zauna da shi da littafi da na'urar ɗaukar magana, ya rubuta sunan kowane sashe na soro da yadda ake yin sa, ya kuma rubuta sunan maginin a shafin farko.